Fiffiken Toka

Salamu alaikum jama'ar wannan shafi. Na ga saƙonninku duka, har da na wata baiwar Allah da ta ce ko an ɗaura ne na shige ɗaki na manta da ku. Ba a ɗaura ba tukuna. Gajiya ce ta danne ni, irin wadda za ka yi barci ka tashi ka tarar tana nan zaune tana jiranka. Yau dai na ce bari in daure in rubuta, don in na ci gaba da riƙe maganar nan a cikina ban san abin da za ta zame mini ba.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Bahijja. A Ƙofar Na'isa aka haife ni, a nan nake har yanzu, ina koyar da 'yan aji biyu a wata firamare ta kuɗi. Ni kaɗai iyayena suka haifa. Babana, Allah ya jiƙansa, mai kiwon tantabaru ne, kuma da bai samu ɗa namijin da zai riƙa hawa tsani da shi ba, sai ya hau da ni. Tun ban kai ƙugunsa ba na iya watsa dawa, na iya gane wadda za ta yi ƙwai da wadda ciwo ke ci, na kuma iya fito. E, fito da baki, wanda aka ce mace ba ta yi. Da ya rasu ya bar mana gida da tukwanen tantabaru jere a saman ɗaki. Umma ta ce a sayar, na yi kukan da ya sa ta haƙura.

A cikin waɗanda suka rage akwai Toka. Ba wata kyakkyawa ba ce, kada ku zana ta a ranku da farin gashi da jan ido. Ruwan toka ce, siririya, mai tsiwa. Kyanwar maƙwabta ce ta cinye uwarta tana 'yar tsurut ko gashi babu, ni na riƙa tauna gero ina ba ta daga bakina har ta yi ƙwari. Shi ya sa duk inda take a sama, in na yi fito, sai ta karyo ta sauka a kafaɗata ta hagu. Ba ta yi wa kowa haka, ko Umma da ke zuba mata ruwa in ina makaranta. Ita ce nake tsoron a raba ni da ita, kuma a kanta duk wannan labari yake.

Sai Nazeer. Na san wasunku sun riga sun tsane shi tun bai yi komai ba, don kun saba a labari saurayi ko dai mala'ika ne ko sheɗan. Nazeer mutum ne kawai. Yana da kyamis a Ƙofar Kabuga, kusa da gidansu. Dogo ne, mai sanyin magana, kullum cikin farin yadi mai guga da hula zanna, yana ƙamshin turare da ɗan warin magani a ƙarƙashi. Ba wanda ya tilasta mini shi. Ni na gan shi ranar da na je sayen maganin tarin Umma, ya tsaya yana yi mini bayanin yadda za ta sha har na manta canjina. Shi kaɗai ne a cikin waɗanda suka taɓa sallama da ni bai yi dariya ba da ya ji ina kiwon tantabaru. Hajiya Toka yake ce mata, in ya zo zance ma sai ya tambayi lafiyarta kafin tawa.

To ina fim ya shigo? Ta hannun Yaya Auwal, wato Muhammad Auwal ɗan yayar Umma. Kwamfuta ya karanta, ya ƙi aikin ofis, ya ce shi fim zai yi, kuma ba na rawa da waƙa ba, na kimiyya, labarin zamanin da bai zo ba tukuna. A labarinsa Kano ce nan da ɗaruruwan shekaru. Iska ta gurɓace, ba mai fita sai da hular kwano mai gilashi. Wayoyi sun mutu, mutane sun koma zama a ƙarƙashin ƙasa unguwa-unguwa, ba mai jin ɗuriyar wani. Abu ɗaya ya rage da ke iya ratsa iskar nan ya kai saƙo, shi ne tantabara. Jarumin kuwa shi ne mutum na ƙarshe da ya iya kiwonta.

Ranar da ya zo aron Toka na tambaye shi, “Yaya, me ya sa ba mace ba ce mai kiwon?”

Ya dube ni kamar na ce a zuba sukari a miyar kuka. “Haba Bahijja. Wa zai zauna ya kalli mace tana ceton duniya? Mace a fim ita ake cetowa.”

Na bar maganar, don ni aron tsuntsuwa aka zo yi wurina, ba shawara ba.

Umma ta yarda in riƙa kai Toka da kaina, da sharaɗin hijabi har ƙasa, in zauna a gefe, kada kyamara ta ko shinshino ni. A wani tsohon sito ake ɗauka, an lulluɓe bangon da koren yadi, wai daga baya kwamfuta za ta mai da shi rusasshen birni. Jarumin sunansa Mikail, kyakkyawa ne kam, ga saje, ga murya. Sai dai tsoron tsuntsu yake kamar me. Da Toka ta kaɗa fiffike sai ya runtse ido ya ja wuya. Ita kuwa ta karance shi tsaf, ta ƙi ko kallon hannunsa. An zuba masa dawa a tafi, an shafa masa a kafaɗa, an koya masa fito har leɓensa ya bushe. Ƙarshe ta hau ƙarfen rufi ta sakar masa kashi a hular kwanon, ma'aikata suka yi ta dariya har mai kyamara ya zauna a ƙasa.

Yaya Auwal ya dafe kai ya daɗe. Can ya ɗago ya dube ni, ya dubi kayan, ya sake dubana.

“Gilashin nan baƙi ne,” ya ce a hankali. “Ba mai ganin fuskar da ke ciki.”

Haka na shiga. Hular kwano ce ta 'yan babur da aka fesa wa fenti ruwan azurfa, da rigar leda mai kauri irin ta masu feshin maganin sauro, da tiyon injin wanki da ya taso daga baya zuwa haɓa. An cusa mini soson katifa a kafaɗu, an ba ni takalmin soja na gwanjo da sai na cika shi da tsumma yake zama. Duk inda aka ga jarumi da tantabara, ni ce. Duk inda ya cire hula ya yi magana, Mikail ne. Sunana ba zai fito a ko'ina ba, ni da Yaya Auwal da Mikail da mai kyamara muka yi alkawarin haka.

“Buɗe ƙafa!” Yaya Auwal ke yi mini tsawa. “Daina sunkuyar da kai! Ki taka ƙasa kamar ke kika saye ta!”

Jama'a, zafi ne a cikin kayan nan kamar an rufe ka a tukunyar dambu, ga bazara. In na cire, rigata ta ciki sai an matse. Amma zan faɗa muku abin da ban faɗa wa kowa ba: ban taɓa jin na dace da wani wuri ba kamar cikinsu. A ɗakin malamai hirar lefe ake da ankon biki, in na sa baki sai a ce mai tsuntsaye ta yi magana. A kasuwar 'yan tantabaru in na je sayen tsaba, maza sai su yi tsit har in bar wurin. A cikin hular nan kuwa ba mai cewa in rage murya, ba mai cewa in sauko. Ina tsayawa in miƙe hannu, Toka ta karyo, a tafa. Ko da Mikail ake tafa wa, ni nake ji.

Da aka saki tallar fim ɗin a waya, Nazeer ne ma ya fara turo mini. Ya rubuta, “Hajiya Toka ta zama tauraruwa, a gaya mata kada ta manta da talakawa.” Na yi dariya, amma ban gaya masa ni ce a cikin hular ba, don kun san yadda kalmar 'yar fim take a bakin iyayenmu. Saura fitowa ɗaya a gama, wadda jarumi zai tsaya a kan ganuwa ya saki tantabara ta tashi da saƙon da zai haɗa unguwanni. Wannan Yaya Auwal ya ce koren yadi ba zai yi ba, sai sararin Allah na gaske. Ya zaɓi guntun ganuwar da ke wajen Kabuga, ranar Lahadi da safe.

Ranar Alhamis na dawo daga makaranta, ƙafata duk ƙura, kaina na sarawa saboda ihun yara, na tarar da takalmin Gwaggo Asibi a ƙofar ɗakin Umma. Yayar Babana ce, kuma ba ta zuwa haka kawai. Tana zaune a kan darduma cikin leshi ruwan hoda, ta tura ɗaurin gaba, tana fifita da murfin kwano don an ɗauke wuta. Umma na gefe tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

Na durƙusa. “Gwaggo ina wuni.”

“Lafiya lau. Zauna nan, ke nake jira.” Ta ɓantari goro. “Hajiyarsu Nazeer ta aiko. Ta ce yarinya ta yi, asali ya yi, sati mai zuwa za su turo a sa rana. Abu ɗaya ne.”

Na riga na san abin, amma na bar ta ta faɗa.

“An ce mata ana hango ki a saman ɗaki da yamma kina fito kamar ɗan tasha. Ta ce ita ba ta haɗa zuri'a da mai hawa sama ba. Kafin su zo, a sauke tukwanen nan.”

“Gwaggo, na Baba ne fa.”

“Ni za ki gaya wa na Baba? Ƙanina ne, ni na goya shi. Shi namiji ne, ya hau ya sauko ba wanda ya ce uffan. Kuskurensa ɗaya da ya ɗora ki a tsani. Sa'o'inki suna goye da na uku, ke kina goye da tsuntsu.”

Na juya wajen Umma, ina jiran ta ce wani abu. Ta ajiye tiren a hankali.

“Bahijja, na gaji,” ta ce. “Na gaji da amsa tambaya a gidan biki. Na gaji da cewa lokaci ne bai yi ba. Yaron nan yana son ki, kina son sa. Kada ki sa in roƙe ki.”

Da faɗa ta yi da na samu bakin mayarwa. Wannan muryar kuwa ba ta bar mini komai ba. Na ce, “To a kwashe duka, zan ba Malam Bashir na bayan layi, ya iya kula da su. A bar mini Toka kawai.”

Gwaggo ta taɓe baki. “Ɗayar ma ai sai kin hau sama za ki same ta.”

Na shiga ɗaki na kwanta da kayan makaranta a jikina, na jawo waya.

Na rubuta wa Nazeer, “Ka ji saƙon Hajiya?”

“Na ji. Kada ki sa damuwa a ranki.”

“Sauran zan bayar. Toka ce ba zan iya ba, Yaya Nazeer.”

“Na sani, ranki ya daɗe. Ki bar mini, akwai dabara.”

“Wace iri?”

“In na faɗa ai daɗin ya tafi.” Ya sa fuskar nan mai murmushi.

Sai na ji sanyi a raina, har na ƙara da cewa, “Lahadi ma za a ɗauki fitowarta ta ƙarshe a ganuwar unguwarku. Daga nan ta yi ritaya.”

Na ga alamar yana rubutu, ya goge, ya sake, ya goge. Can sai ga shi: “Allah ya kai mu.”

Asabar da hantsi Gwaggo ta zo ta tasa ni gaba zuwa kasuwar Kwari, wai a zaɓi atamfar da za a yi anko. Ban taɓa ganin mace mai ƙarfin yawon kasuwa irin Gwaggo ba. Mun shiga rumfa ta fi a ƙirga, a sauko mata da kaya har mai shago ya yi gumi, ta murza, ta shinshina, ta ce wannan zuba za ta yi, mu fita. Ni dai ina biye da ita cikin baƙar abaya da mayafi ruwan zuma, rana na dukan tsakiyar kaina, duk wadda ta nuna in ce ta yi kyau. Ta ce ba ni da ido. Ƙarshe muka koma rumfar farko muka ɗauki wadda ta fara rainawa, mai ganye-ganye kore da ruwan ƙwai. Sai bayan la'asar adaidaita sahu ya sauke mu a bakin lungu.

Ko ruwa ban sha ba na hau tsani. Tantabaru suka taso suna zagaye, na watsa dawa, na yi fito. Kafaɗata ta hagu ba abin da ya sauka. Na sake. Na leƙa tukunyarta, wayam, sai 'yan ƙananan gashi a bakin da sawun babban takalmi a ƙasa.

Na sauko ban san yadda na taka matakalar ba. “Umma! Wa ya hau sama?”

“Ke, rage murya, kwantar da hankalinki.” Tana murmushi, abin da na daɗe ban gani ba. “Nazeer ne ya zo da wani mutum da rana, lokacin Toka tana cikin tukunya. Ya ce kada in gaya miki. Yana soro ma yanzu yana jiranki, je ki wanke fuska.”

Ban wanke ba. Na tarar da shi zaune a kan tabarma cikin shadda ruwan sararin sama, sabon aski, ga kwalin taliya a gabansa an huda masa ƙofofi. Yana ganina ya washe baki.

“Ranki ya daɗe, an sha kasuwa. Albishirinki.”

“Tana ciki?”

“Tana ciki, lafiyarta ƙalau, har ruwa na ba ta. Zauna ki ji.” Ya gyara zama. “Na yi ta fama da Hajiya har ta sauko. Ta yarda ki taho da guda ɗaya. Na sa kafinta ya yi mata gida a tsakar gidan da za mu zauna, a ƙasa, da raga da ɗan kwanon ruwa, sai kin gani. Ba hawa sama, ba fito, ba mai cewa komai. Kin ga kowa ya samu abin da yake so.”

Wallahi a wannan lokacin na ji ƙaunarsa ta cika mini ƙirji. Na ce a raina, Bahijja, kin ga mutum. Na durƙusa na buɗe kwalin.

Toka ta ɗago kai ta gan ni. Ta yi abin da ta saba yi tun tana ƙarama, ta tsuguna ta yunƙura za ta hau kafaɗata. Ta tashi kamar taki ɗaya, ta karkace, ta faɗo a kan siminti da ƙirji. Ta miƙe ta sake. Ta sake faɗowa.

Na ɗauke ta na buɗe fiffiken dama. Dogayen gashin nan na gefe, waɗanda take yankar iska da su, babu su. An daidaita su gaba ɗaya kamar bakin tsintsiya.

Bari in yi muku bayani, don na san ba kowa ya sani ba. In mai kiwo ya sayi sabuwar tantabara, yana tsoron ta koma gidansu, ɗaure gashin yake da zare na 'yan kwanaki, in ta saba ya kwance. In ya matsa, ya fizge, sabo ya tsiro ba da daɗewa ba. Almakashi kuwa wani abu ne daban. Gashin da aka yanke jiki bai san ya tafi ba, don haka ba ya tsiro da wani, sai lokacin da ta zubar da kanta, watanni masu yawa nan gaba.

Na san amsar, ina kallonta da idona, amma na tambaya. “Ɗaurewa ba ta yi ba ne?”

“Mutumin ya ce zare yana kwancewa.”

“Fizgewa fa?”

“Ya ce da zafi.” Ya kau da kai. “Kuma ya ce yana saurin tsirowa.”

“Yaya Nazeer, gobe Lahadi. Na gaya maka gobe za ta tashi a ganuwa.”

“Auwal ya nemi wata. Tantabara ai ta cika gari, Mikail ya sake ta.”

“Ba ta yarda da…” Na haɗiye sauran.

Ya dube ni. Murmushin ya tafi, amma ba fushi a fuskarsa, wani irin tausayi ne da ya fi fushi ciwo. Ya waiga ƙofar cikin gida, ya rage murya.

“Bahijja, na san ke ce.”

Na ɗago na ce, “Tun yaushe?”

“Tun ranar da na ga tallar. Akwai inda aka kunna iska, mutumin nan yana tsaye da takalmin soja, sai ya kai hannu kafaɗa zai gyara mayafi. Mikail ba shi da mayafi. Ni na san hannun, kullum a nan soron nake kallonsa yana yin haka.” Ya shafa fuska. “Ƙanwata ta nuna wa Hajiya tallar don ta ga tsuntsuwar. Hajiya ta ce a mayar baya. Aka mayar, ta ce a sake. Ba ta ce komai ba, amma na san mahaifiyata.”

“Sai ka tambaye ni.”

“In na tambaye ki za ki fasa zuwa?”

Ni da shi duk mun san ba zan fasa ba.

“A sito ba mai ganinki,” ya ci gaba. “Gobe kuwa a bakin layinmu za ki tsaya. Yaran unguwa za su cika wurin, kowa da waya a hannu. A ina za ki sa kayan? A ina za ki cire? Mutum ɗaya ya isa, kafin azahar hotonki ya zaga gari. Ba aurenmu kaɗai ba, makarantar ma sai sun sallame ki. Umma fa? Na rasa yadda zan hana ki ba tare da na ce na hana ki ba, don ban isa ba tukuna, kuma ba na so ki fara jin kalmar daga bakina. Gashi ne kawai, Bahijja. Ban taɓa lafiyarta ba.”

Abin haushin, duk abin da ya lissafa zai iya faruwa. Na zauna ina neman ƙarya ɗaya a maganarsa da zan kama in yi ihu a kanta, ban samu ba. Toka na cikin tafina, zuciyarta na bugawa da sauri a kan yatsuna, tana ta ƙoƙarin zare fiffiken ta gyara shi da baki, tana neman abin da babu.

Daga ciki Umma ta ɗaga murya, “Bahijja, zo ki ɗaukar wa Nazeer lemo mana!” Na ji Gwaggo na dariya tana buɗe ledar atamfa.

Nazeer ya turo kwalin gabana da yatsa biyu. “Sa ta, in tafi da ita ta fara sabawa. Ɗazu da ƙyar muka kama ta, duk ta yakushe mutumin. Ke in kin sa ta ba za ta yi gardama ba.”

Gaskiya ya faɗa, ba za ta yi ba. Ko cikin wuta na sa ta za ta shiga, don ni ce.

Na miƙe na naɗe ta a gefen mayafina na shige gida. Ya kira sunana sau ɗaya a hankali, yadda na ciki ba za su ji ba. Na wuce Umma da tiren lemo a hannunta, na wuce Gwaggo da atamfa shimfiɗe a cinya tana cewa, “Ke ina za ki kuma? Ina yaron?” Na kama tsani da hannu ɗaya na hau.

A sama na ajiye ta a ƙasa. Sauran suna can suna zagayen yamma a kan rufin unguwa. Ta bi gindin katanga da gudu tana kaɗa fiffike ɗaya da rabi, ta kai ƙarshe, ta juyo, ta sake. Na kasa kallo, na leƙa lungu. Nazeer yana tsaye a jikin bangon maƙwabta, shaddarsa ta kwashi jar ƙasa, kwalin a hammata.

Waya ta yi motsi. Yaya Auwal ne: “Gobe da sassafe zan turo mota. A shafa wa jarumarmu mai.” Kafin in gama karantawa na Nazeer ya shigo a kansa.

“Hajiya ta ce in tsuntsuwar ta kwana a gidanmu yau, ranar Alhamis za su zo. In ba ta kwana ba, ta gane amsar. Ina ƙofa, ba zan tafi ba.”

Wadda ta tambaye ni ko ina son sa har yanzu, ina son sa. Da ba na son sa da tuni na huta, da na jefo masa kwalin a ka na shiga ɗaki na yi barcina. Aka fara kiran magariba a masallacin layi, maza suna wuce shi da buta suna yi masa sannu, yana amsawa yana ɗaga kai sama. Na zame na zauna a ƙasa, na jingina da katanga yadda ba zai hango ni ba. Toka ta gaji da gudun, ta tako a ƙafa ta zo ta tsaya a gefen cinyata, ta ɗaga kai tana auna nisan kafaɗata.